Garin maganin gwiwa mai lamba a jiki: a ci gaba ko a dakata?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, don Allah masu sani su taimaka. Surukata Hajiya ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, har sallah a zaune take yi. Wata huɗu da suka wuce wata maƙwabciyarta ta kawo mata wani garin magani a roba, ana damawa a kunu safe da yamma, an rubuta a jiki zallar itatuwa ne. Wallahi kwana uku da farawa ta miƙe, har gidan biki ta je da ƙafarta. Muka yi ta murna. To yanzu fuskarta ta cika tam kamar an hura, ciki ya fito, hannuwa da ƙafafu kuma sun sirance, ga ƙishirwa da yawan fitsari. Jiya aka auna suganta aka ce ya hau, alhali ba ta taɓa ciwon suga ba. Da muka nuna wa likita robar sai ya ce mu kai Hajiya asibitin ƙwararru. Maigidana ya ce ai maganin yana da lambar NAFDAC, wato hukumar kula da abinci da magunguna, ba zai zama shi ba ne. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Lambar nan ba tana nufin an gwada shi an tabbatar ba?

Nas Hauwa:
Wa alaikumus salam. Kafin a shiga doguwar magana: kada ku ƙwace mata garin nan yau ɗaya. Alamomin da kika lissafa irin na wanda ya daɗe yana shan sitiroyid ne, wato dangin dexamethasone da prednisolone. Jiki da kansa yana samar da makamancin sinadarin, amma idan ya saba da na waje sai ya daina yin nasa. In aka yanke lokaci guda jini na iya faɗuwa, mutum ya galabaita, har a rasa shi. Ku kai ta gobe-goben nan, ku tafi da robar, likita ne zai tsara yadda za a janye a hankali.

Maman Hanifa:
Innalillahi. Da har na yi niyyar zubarwa a kwata da daddare. Na gode Anti Hauwa.

Famasis Auwal:
Kada ki zubar, shi ne shaidarku. Sannan ki duba lambar da kyau, za ki ga ko ta ƙare da harafin L. A tsarin hukumar, maganin gargajiya mai L an sa shi ne a jeri na shekara 2, bayan an duba tsaftarsa da gwajin guba an ga samfurin da aka kawo ba ya cutarwa. Ba a ce yana warkarwa ba. Shi ya sa ake tilasta musu su rubuta a jikin kwali cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da suka yi na warkarwa ba, sai dai da Turanci ne kuma da ƙananan baƙaƙe, wa ke karantawa? Cikakkiyar rajista ta shekara 5 sai an yi gwaji a kan marasa lafiya.

Abu na biyu, ku lura da kalmar da na yi amfani da ita: samfurin da aka kawo. Mutum zai iya kai tsaftataccen gari a gwada, ya karɓi lamba, ya koma gida ya riƙa zuba abin da ya ga dama. Abu na uku, lamba ai buga ta ake yi, duk mai injin buga takarda zai iya kwafo ta wani ya manna.

Abu Sumayya:
To fa, an fara. Duk lokacin da aka ambaci maganin gargajiya sai 'yan boko su taso da maganar guba. Kakanninmu da me suka rayu kafin zuwan Bature? Sabara, marke, maɗaci, bagaruwa, su suka rene mu. Maganin asibitin ne ba ya kisa? Kasuwarku kawai kuke karewa.

Famasis Auwal:
Malam Abu Sumayya, sake karanta abin da aka rubuta. Ba sabara muke tuhuma ba. Zargin da ake yi shi ne an daka maganin Baturen ne an zuba a cikin garin kakannin naka.

Baba Mai Saiwa:
Salamu alaikum. Jikana ne yake rubuta min. Shekarata arba'in da wani abu ina ba da magani, gado na yi wurin mahaifina, shi ma wurin nasa. Yarinya Maman Hanifa, zan gaya miki gaskiya ko da za ta taɓa sana'armu. Babu itacen da na sani a dajin ƙasar Hausa da zai ɗaga tsohuwa mai ciwon gwiwa na shekaru a kwana uku. Namu a hankali yake bi. Duk wanda kika ga yana aiki kamar yankan wuƙa, ki tuhume shi. Waɗannan yara masu mota da lasifika, da yawansu ba su san hanyar daji ba, a kasuwa suke sayen gari buhu-buhu, su biya ta kemis, su haɗa. Su suka ɓata mana suna.

Amma ku ma masu gwaje-gwaje ina da ƙorafi a kanku. Ku zo ku zauna a gabanmu, mu faɗa muku sirrin itace, ku rubuta, ku tafi ku sami digiri, ko sannu ba ma sake ji.

Zainab Samaru:
Baba, ranku ya daɗe, ƙorafinku gaskiya ne, ba zan kare mu ba. Ni ɗaliba ce a fannin nazarin magungunan da ake samu daga tsirrai, a Zariya nake digiri na biyu. Bari in faɗi yadda ake gano irin abin da ake zargi a garin Hajiya, don mutane su ga ba tsafi ba ne kuma ba ƙiyayya ba ce.

Za a ɗebi garin a jiƙa a sinadarin da ke narkar da abin da ke ciki, a tace. Akwai wani ɗan faranti mai farin shafi a fuskarsa. Sai a ɗiga ruwan garin a gindinsa, a gefe kuma a ɗiga ruwan dexamethasone na asali wanda aka san shi. A tsayar da farantin a kwalba mai ɗan ruwan sinadari a ƙasa. Ruwan zai riƙa hawa kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, yana jan abubuwan da ke cikin ɗigon, kowanne da inda yake tsayawa gwargwadon halinsa. In an haska da fitila ta musamman sai ka ga tabo-tabo. Idan garin ya fitar da tabo daidai inda na dexamethasone ya tsaya, to an sami abin zargi. Wannan gwajin share fage ne, ba ya cin lokaci. Tabbatarwa da sanin yawan abin da aka zuba kuma sai an je ga na'urar HPLC, ita ce za ta ce miligiram kaza ne a kowane cokali.

Kuma abin da ake zubawa ba ɓoyayye ba ne, duniya duk an san shi: sitiroyid da diclofenac a maganin gaɓoɓi, glibenclamide a maganin suga, sildenafil a maganin maza. Ko a Amurka hukumar abinci da magungunansu ta sha fitar da gargaɗi kan zumar ƙarin kuzari da aka samu da sildenafil ko tadalafil a ciki. Mai ciwon zuciya da ke shan magungunan buɗe jijiya na dangin nitrate, in ya haɗa da wannan, jininsa na iya faɗuwa warwas.

Ɗan Gwandu:
Maganin maza kuma? A bar wannan babin don Allah, akwai manya a zaure.

Nas Hauwa:
Manyan ai su ne masu saye.

Abu Sumayya:
Na yarda algus laifi ne, Annabi ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Amma kun ga kenan itacen ba shi da laifi. In an samu zallarsa ba gauraye, shi kenan, ba ruwanmu da wani ɗakin gwaji.

Zainab Samaru:
A nan ne zan saɓa maka, Malam. Zallar itace ma tana da nata. Zaƙami ba itace ba ne? Tumfafiya fa, da ƙwayar zurma? Baba ya fi ni sanin waɗanda ba a wasa da su.

Ga wani labari da ake koya mana. A farkon shekarun 1990 a Brussels ta ƙasar Beljiyam, wani asibitin rage ƙiba yana ba mata haɗin da ke da ganyayyakin Sin. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe, daga baya wasu suka kamu da kansar hanyar fitsari. Da aka bincika sai aka ga an musanya saiwa ɗaya da wata, saboda sunayensu na Sinanci sun yi kama, duka biyun akwai "fang ji" a ciki. Wadda aka sa bisa kuskure daga dangin Aristolochia take, tana ɗauke da wani sinadari mai cin ƙoda a hankali. Ba ƙwayar Bature ce ta yi wannan ɓarnar ba.

Abin da ya sa labarin yake tsaya min a rai: muna da ɗan wannan dangin a nan, duman dutse, wanda wasu ke kira maɗacin ƙasa. Ka ga maɗaci, ka ga maɗacin ƙasa. Ɗaya ƙaton itace ne, ɗaya ɗan tsiro mai yaɗo, ba su haɗa komai ba sai ɗaci da suna. In an daka su sun zama gari, wa zai bambance da ido? Shi ya sa a wurinmu matakin farko kafin a taɓa komai shi ne a kai tsiron, da ganyensa da furensa, ɗakin adana samfurin tsirrai, masani ya tabbatar da shi ya ba shi lamba. Sunan Hausa kaɗai ba ya isa. Itace ɗaya ma Bakano ya ce darbejiya, wani ya ce dogon yaro, wani ya ce bedi.

Baba Mai Saiwa:
Duman dutse mun san shi. Mahaifina ɗan kaɗan yake sawa, kuma ba ya ba mai ciki. Amma maganar ƙoda ban taɓa ji ba sai yau. Wanda ya sha ya warke ya tafi, in ƙodarsa ta lalace bayan shekara biyar ai ba wurina zai dawo ba, asibiti za a kai shi.

Nas Hauwa:
Baba kun taɓo inda yake min ciwo. A sashen wankin ƙoda nake aiki. In ka tambayi majiyyaci ko yana shan na gargajiya sai ya ce a'a, sai matarsa ta biyo ka waje ta ce akwai jarkoki uku a ƙarƙashin gado. Ba na cewa jarkokin ne suka jawo, hawan jini da suga su ne kan gaba. Amma ba wanda ya san abin da ke cikinsu, har da wanda ya sayar.

Sufyanu Mai Waya:
Ni tambayata ga Malama Zainab. Kullum sai mu ga an ce binciken jami'a ya tabbatar zogale na maganin kaza, habbatus sauda na kashe kansa. Masu talla har takardar suke ɗagawa a bidiyo. Ƙarya suke yi?

Zainab Samaru:
Takardar na iya zama gaskiya, fassarar ce ƙarya. Yawancin irin wannan binciken a faranti aka yi shi: a shuka ƙwayar cuta ko ƙwayoyin kansa a ɗan kwano, a ɗiga ruwan ganye, a ga sun mutu. To ai ko ruwan omo ka ɗiga za su mutu. Tambayar ita ce in mutum ya sha, hanji zai tsotse shi? Hanta ba za ta farfasa shi ba? Zai isa inda ciwon yake da ƙarfin da ake buƙata ba tare da ya yi ɓarna a hanya ba? Faranti ba ya amsa ko ɗaya.

Gwajin guba ma haka. Wanda aka fi yi a jami'o'inmu shi ne hanyar Lorke ta 1983, da ɓeraye goma sha biyu ko sha uku. A fara da miligiram 10, 100, da 1000 a kan kowane kilo na nauyin ɓera, a jira kwana ɗaya, sannan a hau har 5000. In ba wanda ya mutu sai a rubuta cewa ba shi da guba ta nan take. Mai talla kuma ya ce jami'a ta ce ba shi da illa. Alhali sha ɗaya aka yi wa ɓeran. Hajiya wata huɗu take sha safe da yamma. Sanin illar doguwar sha sai an ba dabba kullum na kwana 28 ko 90, a auna jininta, a yanka a duba hanta da ƙoda a madubin likita. Wannan yana cin kuɗi, ɗalibi kuma daga aljihunsa yake sayen ɓeraye da abincinsu, don haka da yawa a na farkon suke tsayawa. Ni kaina albashin yayana ne ya sayi nawa.

Famasis Auwal:
In ƙara a kan nata, akwai abin da ba mai maganin ne ya zuba ba, shanya da ajiya ne suka jawo. Saiwar da aka shanya a bakin titi, ko aka tura a buhu da sauran danshi, tana yin fumfuna. Wani nau'in fumfunar yana fitar da guba mai suna aflatoxin, wadda aka gano bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa da ƙuli-ƙulin gyaɗa. Tafasawa ba ta kashe ta, kuma tana jawo kansar hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B, wanda kun san yadda yake da yawa a cikinmu.

Sai dalma. A 2003 an sayi magungunan gargajiyar Indiya 70 a shagunan Boston aka auna, 14 suna da dalma ko zaiba ko arsenik. Kada mu yi musu dariya: a garin dai, a 2011, an sami dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, da aka bi sawu sai aka ga kwallin da ake sa masa a ido ne, kashi 82.6 cikin ɗari nasa dalma ce. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Hajiya Turai:
Kwalli kuma? Yau na ji abin da ya fi ƙarfina. Duk 'ya'yana tara da shi na rene su.

Famasis Auwal:
Allah ya tsare su, Hajiya. Na dutsen nan mai ƙyalli shi ne abin gudu, don shi kansa dutsen dalma ne. A bar sa wa jikoki.

Abu Sumayya:
Har yanzu ban ji inda gwajin naku ya taɓa cewa wani maganin gargajiya yana aiki ba. Kullum kushe.

Alhaji Zango Kumasi:
Malam, a nan Gana akwai. Cibiyar binciken magungunan tsirrai da ke Mampong tun 1975 take, wani likita Dokta Oku Ampofo ne ya kafa harsashinta tare da masu maganin gargajiya. Suna da asibiti, suna haɗa nasu magungunan da awo, jami'ar kimiyya ta nan Kumasi kuma tana ba da digiri a kan maganin tsirrai. Ba a ce duk na kasuwa ya gyaru ba, mu ma muna da masu lasifika a tasha.

Zainab Samaru:
A gida ma akwai. Niprisan, maganin rage tashin ciwon sikila. Asalinsa haɗin wani mai magani ne, Rabaran Paul Ogunyale, ya kai wa cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja lokacin Farfesa Charles Wambebe. Abu huɗu ne a ciki, uku duk kun san su: masoro, kanumfari, karan dafi, sai wani itace da Yarbawa ke kira osun. Aka daidaita awonsa, aka mai da shi kafso, aka gwada a kan masu sikila ana kwatantawa da kafson da ba komai a ciki, aka buga sakamakon a 2001, ya nuna raguwar tashin ciwon. Kuma Baba, an sa sunan mai maganin a takardar mallakar fasahar. Abin takaicin shi ne bayan an fara sayar da shi a 2006 kamfanin da aka ba lasisi ya durƙushe, magani ya ɓace a kasuwa shekaru.

Maganin zazzaɓin cizon sauron da duk muke sha yanzu kuma daga ganye ya fito. Tu Youyou ta ƙasar Sin ta yi ta dafa ganyen Artemisia annua sakamako yana hawa yana sauka, sai ta koma wani littafin likitancinsu na ƙarni na 4 ta ga an ce a jiƙa a ruwa a matse, ba a ce a dafa ba. Ta gane zafi ne ke lalata sinadarin. A 1971 ta tato shi ba tare da zafi mai yawa ba ya yi aiki, a 2015 aka ba ta kyautar Nobel.

Sufyanu Mai Waya:
Ba shi ne tazargaden da aka yi ta rububi lokacin korona ba?

Zainab Samaru:
Danginsu ɗaya, amma dangin Artemisia na da yawa, kuma ba kowanne ke da sinadarin da yawa ba. Na Madagaska da aka kawo Najeriya a 2020, NIPRD ɗin ce ta bincika ta ce akasarinsa Artemisia annua ne, kuma ba ta ga shaidar yana warkar da korona ba. Ko don zazzaɓin ma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a sha shi a matsayin shayi ba, saboda ganyen wannan gona da na waccan ba ƙarfinsu ɗaya ba. In ka sha wanda bai kai ba, ƙwayar cutar ba ta mutu ba, ta kuma koyi jure maganin.

Baba Mai Saiwa:
Wannan gaskiya ne. Sassaƙen da aka yi da rani da na damina ba ɗaya ba ne, na gabas da itace da na yamma ma tsofaffi suna bambantawa. Mu da harshe muke aunawa.

Abu Sumayya:
To ai kun dawo maganata, ilimin na wurin su Baba.

Famasis Auwal:
Harshen Baba ba ya shiga kowace roba da ake sayarwa a tasha, Malam.

Shugaban Zaure:
Na goge saƙonni biyu na masu tallar maganin sanyi da basir. Wanda ya sake zan fitar da shi. A ci gaba.

Maman Hanifa:
Salam, ga yadda ake ciki. Mun kai Hajiya, sun ɗebi jini, sun ce alamu sun fi karkata ga sitiroyid ɗin. Sun karɓe garin, sun ɗora ta a kan ƙwaya mai sanannen awo da za a riƙa ragewa mako-mako, da maganin suga. Ƙanin maigidana ya duba lambar a kundin hukumar na intanet, sai ga shi lambar wani shayi ce daban, sunan kamfanin ma ba ɗaya ba. Maƙwabciyar ta yi fushi ta ce mun ɓata mata suna, alhali ita ma sha take yi, kuma da na lura fuskarta ita ma ta cika. Hajiya kuwa kuka take, ta ce gwiwa za ta dawo. Akwai sauran roba ɗaya da ba a buɗe ba a gida.

Famasis Auwal:
Wadda ba a buɗe ba ita ake so. Ku kai ofishin NAFDAC na jiharku yadda take, ku faɗi inda aka saya. Ki lallaɓa maƙwabciyar ta je asibiti, kuma ki gaya mata abin da Anti Hauwa ta ce, kada ta yanke da kanta.

Abu Sumayya:
Allah ya ba Hajiya lafiya. A gwada mata man habbatus sauda a shafa a gwiwar, shafawa dai ba sha ba, kafin Famasis ya cinye ni.

Baba Mai Saiwa:
Malama Zainab, akwai wani haɗi na ciwon shawara da muka gada, itace uku ne. Ina so a duba min shi, musamman maganar hanta da ƙoda da kika yi. Amma da sharaɗi: a rubuta a takarda cewa nawa ne, kuma duk abin da aka gani a faɗa min, mai daɗi ko marar daɗi. Nawa zai ci?

Zainab Samaru:
Baba, kuɗin ba ni zan yanke ba, sai na yi wa malamina magana, shi zai san yadda za a rubuta yarjejeniyar. Abin da zan roƙa, kada a kawo shi a dake. Kowane itace a zo da reshensa mai ganye, da fure ko 'ya'ya in akwai, a sa a tsakanin takardun jarida kada a sa a leda, a rubuta garin da aka samo da watan da aka sara.

Baba Mai Saiwa:
Biyu suna da fure yanzu. Na ukun sai ruwa ya sauka.

Zainab Samaru:
To a fara kawo biyun, ranku ya daɗe. Laraba ina makaranta tun safe.